Tsabta a zaman daji: abin da buta ɗaya ke iya yi

Wanda duk ya bi babbar hanyar kwalta daga Maraɗi ya nufi Tasawa bayan an ƙare yankan hatsi, in ya kai tsakanin Caduwa da Agiye da Gazawa zai riƙa hangen ƙura tana tashi daga cikin gonaki kamar guguwa ta tsaya wuri ɗaya. Masu tonon aya ne bisa aikinsu. A ƙone ganyen, a kabce ƙasa, a ɗebo ta a zuba cikin rariya a yi ta girgizawa har ƴaƴan aya su rabu da rairayi. Kafin la'asar mutum ya yi fari fat tun daga gashin kai har tafin ƙafa, ido ya yi ja, maƙogwaro ya bushe. Cikin waɗanda gonar ta yi musu nisa da gari, da ƴan ƙwadagon da suka zo daga wasu ƙauyuka, akwai masu kwana nan inda dare ya same su, a gindin gawo ko cikin ƴar bukkar kara. Ruwan da ke hannunsu bai wuce bido ɗaya ko biyu da aka ɗauro bisa jaki tun da asuba ba. Daga cikinsa za a sha, a dama fura, a ɗora tukunya, a yi alwala, sa'an nan in an yi sa'a a wanke jiki.

A irin wannan zama wanka ne a ke fara sadaukarwa, kuma babu mai ganin laifin kowa, tun da ƙishirwa ta fi dauɗa saurin kisa. Sai dai akwai tsabtar da ba ta jiran a koma gida, domin rashinta ne ke kwantar da yaro da zawo cikin kwana biyu, ko kuwa ya bar uwa da makanta bayan shekaru. Abin daɗin shi ne wannan tsabta ba ta cin ruwa da yawa. Abin da ta ke bukata shi ne a san gaɓar da za a fara wankewa, da yadda za a zuba ruwan.

Su wane ne masu kwanan daji

Kwanan daji ba baƙon abu ba ne a gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Da damina manomin da gonarsa ke nesa yakan kafa bukka ya tare can da iyalinsa har a ɗaure dammuna. Makiyaya, Fulani da Buzaye, suna bin burtali su haura arewa da farkon ruwa su gangaro kudu bayan kaka, su ya da zango cikin kwarin Gulbin Kaba ko gefen Gulbin Maraɗi, inda rijiya ɗaya ke shayar da mutum da dabba. Gardawa da almajirai sukan fita kiskadi da rani, su yi bukkoki bayan gari domin haddar Alƙur'ani. Ga masu saran itace, ga ƴan kasuwar ƙauye masu kwana bisa hanya tsakanin wannan kasuwa da waccan.

Daga shekara ta 2019 kuma wani irin zaman daji ya ƙaru, wanda babu wanda ya zaɓe shi. Hare-haren ƴan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun koro jama'a suka tsallako iyaka, mafi yawansu mata da yara, suka sauka ƙauyukan jahar Maraɗi, musamman na gundumar Gidan Rumji. A watan Satumba na wannan shekara hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta ba da lissafin fiye da mutum 40,000. Mutanen ƙauye sun buɗe musu ƙofa, amma wasu sun yi kwanaki a gindin itatuwa da rumfunan kara kafin su sami wurin sa haƙarƙari, kuma rijiyar da ta saba ɗaukar gari ɗaya ta wayi gari tana ɗaukar biyu. Daga baya ne, tsakanin 2019 da 2020, aka tsugunar da wasu daga cikinsu nesa da iyaka, a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Duk waɗannan mutane, ko da ya ke dalilin fitarsu ya bambanta, tambayarsu ɗaya ce in rana ta yi gora: ruwan nan da ya rage cikin bido, me za a yi da shi?

Lissafin ruwa

Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ma'aunin da su ke aiki da shi, wanda a ke kira Sphere, da aka soma tsarawa a 1997. Bisa wannan ma'auni, mutum ɗaya yana bukatar lita 15 a yini domin sha da girki da tsabtar jiki, kuma in hali ya tsananta ƙwarai a na iya jure wa lita 7 da rabi na ɗan lokaci. Hukumar HCR ita kuwa lita 20 ta ke nema wa kowane ɗan gudun hijira. Domin mai karatu ya gane girman abin, a 2018 da fari ya kusa ƙafar da madatsun birnin Kef na Afirka ta Kudu, hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, duniya kuwa ta ɗauki labarin a matsayin babbar masifa.

To mu dawo gonar aya. Mu ɗauka mutum biyar ne da bido biyu masu cin lita 25 kowane. Kowa ya tashi da lita 10 ke nan. Mai aikin ƙarfi cikin rana ba ya rasa shan lita 3 ko 4, kuma wannan kaso ba a taɓa shi, domin wanda ya rage sha don ya yi wanka ya sayi wata cuta da kuɗinsa. Tuwo da miya da fura da shayi za su ci kamar lita 2 ko 3 bisa kowane kai. Abin da ya saura na tsabta duka bai wuce lita 3 zuwa 5 ba, watau buta biyu. A birni, wannan shi ne ruwan da ke zubewa banza yayin da mutum ya bar famfo a buɗe yana goge haƙori. A daji kuwa da shi za a yi tsarki, a yi alwala, a wanke hannu da fuska, a goge jiki, a ɗauraye kwano. Yana isa, in an bi tsari. In ba a bi ba, mutum ɗaya ya kwarara shi a ka cikin minti guda, sauran su kwana da ƙurarsu.

Malamai sun riga likitoci

Tattalin ruwan wanka ba sabon ilimi ba ne da aka kawo mana cikin mota. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996, ya ji inda littafin ya nuna cewa ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, ɓarnarsa kuwa wuce iyaka ne. A nan ne kuma aka kawo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i ɗaya. Mudun da a ke nufi shi ne mudunnabi, wanda kowa ya sani wajen fid da zakkar kono, kuma bai cika lita ɗaya ba. Sa'i kuwa mudunnabi huɗu ne, abin da bai kai lita 3 ba bisa ƙiyasin da aka fi sani a mazhabarmu. Ashe dai buta biyun nan na mai tonon aya ba su gaza abin da aka yi wanka da shi a Madina ba.

Akwai wani abu kuma da mazhabar Malikiyya ta ƙarfafa, shi ne cuɗawa. A wurinmu wanda ya kwarara ruwa bisa gaɓa bai bi ta da hannu ba, wankinsa bai cika ba. Ma'aikatan lafiya ma abin da su ke faɗa ke nan da nasu harshe: gogawa ce ke ɓamɓare dauɗa da ƙwayoyin cuta daga fata, ruwa aikinsa ya kwashe abin da hannu ya ɓamɓaro. Shi ya sa rabin moɗa tare da cuɗawa ya fi cikin bokiti da aka watsa a guje.

Shari'a ta kuma yi sauƙi ga matafiyi da mazaunin daji. Wanke kowace gaɓa sau ɗaya ya isar a alwala, kuma alwala ɗaya tana kai mutum salla biyu ko fiye in ba ta karye ba. Wanda ya ji tsoron ƙishirwa ga kansa ko abokin tafiyarsa ko dabbarsa, an yarje masa ya bar ruwan don sha ya yi taimama. Sai dai a nan akwai wurin lura. Taimama tana halatta salla, amma ba ta kashe ƙwayar cutar da ke hannu. Wanda ya yi taimama ya tashi zai sa hannu cikin tuwo, har yanzu hannun nan yana bin sa bashin wanki.

Hannu kafin kome

In ruwan tsabta ya rage kofi ɗaya tak, na hannu ne. Zawo, da atuni, da zazzaɓin hanji, da kwalara, duka hanya ɗaya su ke bi: daga bayan gida zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Jahar Maraɗi ta san wannan a jikinta. A watan Yuli na 2018 kwalara ta ɓulla a gundumar Madarunfa, ta bazu zuwa wasu gundumomi har da Gidan Rumji, ta kama fiye da mutum 3,000 a ƙasar kafin a shawo kanta. A 2021 ta sake dawowa, aka lissafa fiye da mutum 5,000 a Nijar, Maraɗi kuwa tana cikin jahohin da suka fi jin jiki. Bincike da dama da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa wanke hannu da sabuni yana rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Lokutan da ba a sake da su sanannu ne: bayan kewayawa, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin a taɓa abinci ko a dama fura, da kafin a ci ko a ba yaro. Matsalar tana wajen yadda mu ke yi. Al'adar nan ta ajiye kwano ɗaya kowa ya tsoma hannu, babba ya fara yaro ya ƙare, ba ta rage ruwa ba, ta dai raba dauɗar mutum biyar ga na shida. Ruwan da aka zuba cikin kwanon, da an tsiyaya shi da buta, wani na zuba wa wani, da ya ishe su duka kuma kowa ya tashi da hannu mai tsabta.

Buta ma tana da nata zance. Wadda a ke shiga daji da ita don tsarki, mariƙinta ya riga ya ɗauki abin da ya ɗauka. Mai hali ya ware biyu, ɗaya ta kewayawa, ɗaya ta fuska da abinci, ya ɗaura wa ɗayar tsumma don kada a rikita. Wanda buta ɗaya gare shi, ya cuɗe mariƙin da toka ko sabuni duk sa'ad da ya dawo.

Ga zangon da za a daɗe, akwai wata dabara da aka fara da gora a ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1980, wadda ma'aikatan lafiya suka yaɗa a ƙasashe da yawa. A sami ƙaramin bido na lita 5, a huda shi da ƙusa mai zafi kusa da wuya, a rataye shi bisa sanda tsakanin gwafa biyu. A ɗaura igiya a wuyansa, a ɗaure ɗayan bakin igiyar ga wani ɗan itace da ke kwance a ƙasa. In an taka itacen, bido ya sunkuya, ruwa ya zubo siriri kamar zare. In an ɗage ƙafa ya tsaya. Hannu ba ya taɓa kome, kuma wanki ɗaya bai cika cin abin da ya wuce kofin shayi ba, ta yadda lita ɗaya za ta wanke hannun mutum fiye da goma. Sabunin a huda shi a rataye da zare, a kifa masa gwangwani don kada akuya ta ci ko rana ta narkar da shi. In sabuni ya yi tsada, a kaɗa ƙaramin ƙullin omo cikin gorar roba ta lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a riƙa ɗigawa a tafi. In babu ko wannan, toka mai tsabta daga murhu tana aiki: a jiƙa hannu, a cuɗa har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a ɗauraye, a bar iska ta busar.

Fuskar yaro

Bayan hannu sai fuska, musamman ta yara. Ciwon idon nan da likitoci ke kira tarakom, wanda a ƙauye a ke ce wa amodari, ya daɗe yana makantar da mutane a jahohin Maraɗi da Damagaram. Yana farawa tun mutum yana ƙarami, ido ya riƙa kwantsa, ƙuda su sauka su kwashi cutar su kai idon wani, ko ta bi hannu da gefen zane. In ciwon ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, cikin fatar ido ya yi tabo, gashin ido ya lanƙwashe ciki ya riƙa kartar ƙwayar ido har gani ya tafi. Mata sun fi maza shan wannan wahala, domin su ne kullum tare da yara. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumomin lafiyar ido na Nijar, tare da taimakon Cibiyar Carter da wasu abokan aiki, suka shiga yaƙi da cutar ta hanyoyi huɗu: aikin gyaran fatar ido, rabon magani, wanke fuska, da tsabtar muhalli. An sami ci gaba ƙwarai, amma biyu na ƙarshe ba likita ke yin su ba, uwa da uba ne.

Cikin tafi biyu ko uku ya isa a wanke fuskar yaro, safe da maraice, a cire kwantsa da majina. A tsiyaya daga buta, a wanke da hannu, a bar fuskar ta bushe da kanta. Kada a bi yara uku da tsumma ɗaya, kada kuma uwa ta share idon wannan da bakin zanenta ta juya ta share na wancan. Da hunturu ne aka fi sakaci, domin yaro yana kuka in ruwan sanyi ya taɓa shi, alhali lokacin ne ƙura ta fi yawa. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ajiye buta kusa da murhu yayin da a ke ɗumamen safe.

Wankan jiki da tufafi

Wanka da lita biyu yana yiwuwa, kuma kakanninmu fatake da suka yi ta ratsa daji da salka ba su san wani iri ba. A zuba rabin ruwan cikin ƴar ƙwarya, a bar rabi cikin buta. A tsoma soso ko tsumma mai tsabta a jiƙa jiki da shi, daga sama zuwa ƙasa. Sabuni kaɗan a ke sawa, kuma a wuraren da gumi ke taruwa: wuya, hamata, ƙarƙashin nono, matsematsi, da tsakanin yatsun ƙafa. Yawan kumfa shi ke cin ruwa wajen ɗauraya. Sa'an nan a tsiyayo na buta a hankali daga kafaɗa, hannu ɗaya na zuba ɗaya na bi. Mai wankan ibada ya tuna cewa ruwan da sabuni ya canza ba ya ɗauke janaba, don haka ya fara gusar da dauɗa, ya ware ruwa garai na ƙarshe don wankan farilla.

Mai tonon aya ya fara kakkaɓe jiki da tufafi sarai kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba ƙurar ta zama taɓo ta cinye rabin butar. Rawani ko ɗankwali da aka rufe hanci da baki da shi lokacin tankaɗe yana rage aikin maraice. In ruwa bai kai na wankan kowa da kowa kullum ba, a yi karɓa-karɓa, yara da mata masu shayarwa a gaba, sauran su goge wuraren gumi da jiƙaƙƙen tsumma su jira gobe. Baki kuwa ba ya bukatar fiye da kurɓi biyu, tun da asawaki yana nan a kowane reshen dogon yaro.

Tufafi su ne suka fi kome cin ruwa, saboda haka a daji rana ce babbar mai wanki. A ware rigar aiki da ta kwana. Da safe a shanya ta kwana da bargo da tabarma bisa ƙaya, a juya cikinsu waje, da maraice a kakkaɓe. Wannan yana rage wari da danshi, ko da ya ke ba ya maganin ƙazwa ko ƙwarƙwata in sun riga sun shiga zango. Waɗannan sai an tafasa tufafin an kuma nemi magani a gidan likita, kuma duk masu kwana tabarma ɗaya za a yi wa tare. Abin da ba a jinkirta wankinsa shi ne ɗan kamfai, da tsumman jariri, da ƙyallen da mata ke amfani da shi lokacin al'ada. Wannan na ƙarshe kunya takan sa a ɓoye shi cikin bukka da danshinsa, abin da ke jawo ƙaiƙayi da ciwo. A keɓe wa mata wani lungu da zana inda za su wanke su shanya a rana ba tare da idon kowa ba.

Kwanuka da ƙore a fara share su da rairayi mai tsabta ko toka, kamar yadda matan ruga ke yi, sai a ɗauraye da ruwa kaɗan a kife bisa rumfa rana ta gasa su. Ruwan ɗaurayar tufafi kuma ba a zubar da shi, ya wanke ƙafa ko takalmi.

Wuri ɗaya ne ba a tattali. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari a gonar wake, ya wanke jikinsa duka da sabuni nan take, ya wanke rigar feshin dabam da ta kowa. Bidon da maganin ƙwari ya taɓa zama cikinsa kuwa ba ya komawa na ruwa har abada, kome wankin da aka yi masa.

Tabki da bayan bukka

Da damina mai kwanan gona yakan ga kamar matsalarsa ta ƙare, tun da ga tabki nan cike. Amma ruwan kwance yana da nasa haɗari. Cikinsa ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya ke zaune, tsutsar kuwa ta fata ta ke shiga yayin da yaro ke iyo, bayan watanni a ga jini cikin fitsarinsa. Wanka da buta biyu na ruwan rijiya ya fi nutso cikin tabki lafiya. Dattawa ba su manta da kurkunu ba, wanda ya riƙa kwantar da manoma a tsakiyar noma saboda shan ruwan tabki. Tace ruwa da ƙyalle da gina rijiyoyi ne suka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Wannan ya isa shaida cewa ƙaramar dabara, in kowa ya riƙe ta, tana gamawa da babbar cuta.

In dole ta sa a sha ruwan tabki ko na rijiyar da ba a amince da ita ba, a bar shi ya kwanta, ko a sa masa alif ko dakakken ƴaƴan zogale laka ta sauka, a tace da ƙyalle mai tsabta. Wannan yana sa ruwa ya yi garai, amma bai kashe ƙwayoyin cuta duka ba. Sai a tafasa, ko a jefa ƙwayar Aquatabs bisa adadin da aka rubuta a jikin takardarta a jira minti 30, ko a ɗura cikin gorar roba mai haske a kwantar da ita a rana mai ƙarfi awa 6, kwana biyu in akwai hadari ko hazo. Ruwan sha ya zauna cikin abu mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa, kada a tsoma moɗa.

Saura zancen da ba a son yi a bainar jama'a. Daji yana da faɗi, amma mutane sukan kewaya wuri ɗaya, bayan bukka, nan ne kuma ƙudan da ke sauka bisa fura da idon yaro ke hayayyafa. Wanda zai kwana ɗaya ko biyu, ya tafi da ƴar hauya ya tona rami kamar taƙi ɗaya, in ya gama ya rufe. Masu zaman wata guda su haƙa rami mai zurfi su kewaye da zana, su riƙa zuba toka ko ƙasa bayan kowace shiga. A nisanta shi da rijiya ko tabki aƙalla mita 30, ta gefen gangare, ba ta inda ruwan sama zai kwaso ya kawo ba. Kashin jariri ma a binne shi, domin bai fi na babba tsabta ba. In kuwa duk da haka zawo ya kama wani, a kaɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi, a kama hanyar gidan likita tun da sauran ƙarfi. Zawo mai kama da ruwan shinkafa ba ya jiran gari ya waye.

Kowa da nasa kaso

Duk dabarun nan ba su ɗauke wa kowa nauyin da ke kansa ba. Iya wanka da buta biyu ba dalili ba ne na a bar talaka da buta biyu har abada. Mai gonar da ya ɗauki ƴan ƙwadago ya kai su nesa da gari, ruwa yana cikin haƙƙinsu kamar yadda kuɗin aiki ya ke, kuma tano ɗaya bisa amalanke ba zai karya shi ba. Kwamitocin rijiyoyi da magadan gari su dubi famfunan da suka lalace aka bar su, da rijiyoyin da ke bakin burtali, domin makiyayin da aka hana rijiya tabki zai nufa da iyalinsa. Malamin da ya fita kiskadi da yara, ya sa ramin kewayawa da bidon wanke hannu cikin abin da a ke kafawa ranar farko, tare da bukkar karatu. Masu wa'azi kuma, da ya ke babin tsarki shi ne farkon abin da su ke karantarwa, su haɗa wa jama'a da zancen hannu da fuskar yaro.

Hausawa sun ce tsabta cikon addini ce, sun kuma ce rigakafi ya fi magani. Mai shirin fita daji a bana, kafin ya ɗaure kaya, ya duba ko ya sa buta ta biyu, da guntun sabuni, da ƙyallen tace ruwa, da ƴar hauya. Duka ba su kai nauyin damin hatsi ɗaya ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowane baƙo gidansa cikin aminci.